Gurbi Na Uku a Layin Pampo

A shekarar fari ta tamanin da huɗu, akwai wata unguwa a Zangon Damagaram da pampo ɗaya tak ke shayar da ita. Pampon ba shi da rana, ba shi da lokaci. Wani sa'in ya kwana biyu bai ce uffan ba, wani sa'in huɗu, sa'an nan ana tsakiyar daka sai a ji ya yi tari sau uku ya fara zuba. Ba ya wuce awa ɗaya. In ya yi kirki garwa ashirin da biyar ta cika, in bai yi ba goma sha biyar.

Tunda ba mai iya zama gaban pampo kwana huɗu, garewani ne ke zama. Kowane gida na da garwa ɗaya a layi, da dutse a cikinta kada iska ta ɗauke ta, kuma kowace an san ta kamar yadda aka san fuskar mai ita. Ta gidan liman ce ta fari, mai toshin sabulu a gindi. Ta Ya Kellu ce ta biyu, mai jan ƙyalle a mariƙi. Haka har arba'in da ɗaya. In ruwa ya zo mai garwa ba ta kusa, ta bayanta ta cika mata, ta jingine mata a bango. Baba Kyari, tsohon da ke riƙe da makullin pampo daga asuba zuwa magariba, bai taɓa rubuta komai ba. Dokarsa ɗaya ce: gurbi na abin da unguwa ta sani ne, abin da ba a sani ba ya koma baya.

Gurbi na uku na Sa'adatu ne, matar Haruna. Ta gaje shi wajen uwarta tare da garwar, wata tsohuwar garwar kananzir da raƙumi ya taɓa takawa a kasuwa, ya bar mata lotsawa mai faɗin tafin hannu biyu. Mai Sawun Raƙumi ake ce mata. Gida na uku ba ya kwana da ƙishirwa, komai rowar pampo.

Shi kuwa Haruna, shekara goma sha ɗaya ya yi yana palanto, wato masinja, a biro, ofishin wani furoje, shirin taimako na nasara Turawa, yana kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Da furojen ya tashi aka sallami ma'aikata, kowa ya tafi da abin da aka bar masa. Mai tuƙa mota ya samu taya biyu, mai dafa abinci ya samu tukwane. Haruna ya dawo gida da usur, da baƙin allo, da kaye, littafin rubutu mai jan bango, da manyan gwangwanaye biyu na shuɗin fenti da ƙarami ɗaya na fari. Ya kuma dawo da ilmi, wanda a cewarsa shi ya fi duka kayan nauyi.

"Shekara goma sha ɗaya ina bakin ƙofar da ake reniyo," ya ce wa Sa'adatu. "Babu taron da aka yi ban ji ba. Abin da ke damun unguwar nan ba rashin ruwa ba ne, rashin tsari ne."

"To," in ji ta, tana tankaɗe. "Tsarin ana dama fura da shi?"

"Ke dai ki zuba ido. Nan da wata uku za ki ji sunana a rediyo."

"Allah ya sa ba cikin sanarwar cigiya ba. Malam, ka taɓa abin da ka ga dama a unguwar nan, ban da garwata."

Haruna ya yi dariya irin ta wanda ya ga duniya. Garwa! Shi da ke maganar sosiyete, kamfani guda.

Bayan la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi shela. Ya kafa Sosiyete Ruwa Har Gida. Daga yau mace ba za ta ƙara fitowa da gudu don pampo ya yi tari ba. Ma'aikatan sosiyete za su cika, su ɗauka, su kai har bakin randa. Abin da ake so kawai, gidajen da suka shiga su riƙa ciyar da ma'aikatan bi da bi.

"Wa ke shugaba?" wani ya tambaya.

"An riga an zaɓi darakta."

"Wa ya zaɓe shi?"

"An yi reniyo," in ji Haruna.

Gida goma sha huɗu suka shiga, yawanci na tsofaffi masu ciwon gwiwa. Ma'aikata kuwa ba su yi wuyar samu ba. Sha'ibu daga Guna ya zo, Adamu daga Durum, manoma ne masu iyali waɗanda geronsu ya bushe yana iya gwiwa, suka shigo birni neman abin kai wa baka. Jaki kuma aro ne daga wan Sa'adatu da ke Dakusa, wanda ya kawo shi da kansa, ya juya da sauri tun kafin a yi masa godiya, domin rabon jakin da harawa an yi wata biyu.

Haruna ya share zaure ya mai da shi biro. Ya jingine allo, ya rubuta sunan sosiyete a kan kwali ya rataye a ƙofa. Washegari kwalin ya ɓace.

"Kun gani?" ya ce wa ma'aikatansa. "Tun ba a fara ba jama'a na ƙwace sunanmu don so."

Sha'ibu ya dubi jaki. Igiyar kwalin na reto a gefen bakinsa. Bai ce komai ba, don an riga an gaya musu ba a magana sai an ɗaga hannu.

Ƙarfe takwas daidai Haruna ya busa usur, ya rufe ƙofar zaure, aka fara reniyo. Doka ta farko, ba mai fita sai an rufe taro. Ya ɗauki alli ya zana akwati a saman allo, ya rubuta Darakta. Ya zana uku a ƙasa, a jere.

Adamu ya ɗaga hannu. "Patoro, wannan na ƙarshen wane ne?" Patoro, wato maigida, haka suke kiran darakta.

"Sashen sufuri."

"Jakin ke nan?"

"Shi ne."

"To ai ga shi daidai da ni."

"Ba daraja ake nufi ba, aiki ake nufi."

"Ni dai a garinmu ba a taɓa jera ni da jaki ba. A ɗan sauke shi."

Haruna ya goge, ya sauke jaki ƙarƙashin Adamu. Sha'ibu ya ɗaga hannu ya ce shi ne babba da shekara biyu, in akwai mai iko da jaki shi ne. Ana cikin wannan aka ji pampo ya yi tari daga waje. Sau ɗaya. Sau biyu. Mata suka fara kiran juna ta kan katanga.

Sha'ibu ya ɗaga hannu har yana miƙewa. "Patoro, ruwa!"

"Maganar ruwa ita ce ta huɗu a tsarin yau. Muna ta biyu."

"Ai ya zo!"

"Sha'ibu, a biro ko wuta ta kama sai an rufe taro. Zauna."

Suka zauna. Aka daidaita cewa jaki na ƙarƙashin Sha'ibu da safe, ƙarƙashin Adamu da yamma. Aka wuce magana ta uku, wadda ita ce yadda ake gaida darakta. Da aka iso ta huɗu Haruna ya buɗe ƙofa, pampo ya riga ya yi shiru. Amma ga garewanin gidajen sosiyete da layi ya kai gare su, cike, jingine a bango. Maƙwabta sun cika musu kamar kullum.

Haruna ya tsaya ya riƙe ƙugu. "Wala, ga shi nan! Wannan shi ake ce wa tsari. Darakta na biro, aiki na yin kansa."

Baba Kyari yana zaune a kan turminsa yana jan carbi. Ya dube shi, ya ci gaba da ja.

Mako na biyu Haruna ya lura ma'aikatansa na tafiya kamar masu rakiyar gawa. Ya raba allo gida biyu, Sha'ibu a dama, Adamu a hagu. Duk sawun da mutum ya kai, za a ja masa zane ɗaya. Wanda ya fi zane ran Alhamis shi ne gwarzon mako, za a kira sunansa a ƙofar masallaci, a kuma ƙara masa malmala ɗaya.

Da ruwa ya zo ran Talata, unguwa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: ƙarti biyu na tsere da garewani a lungu, ruwa na tsalle ta ko'ina, kaji na bin su a baya. Da la'asar Ya Kellu ta iso biro tana dogara sanda. Tsohuwa ce Babarbariya, ƙarama, mai muryar da ake ji daga unguwa uku.

"Kai Haruna, fito."

"Wushe, sannu da zuwa, Ya Kellu. Ki shigo biro, a ba ki kujera."

"Zauren uban matarka ne, na san shi tun ba ka da wando. Me ya sa aka kawo mini ruwa rabi?"

Haruna ya duba allo. "A nan an rubuta an zo gidanki sau uku."

"An zo. Na farko rabin garwa. Na biyu abin da ya rage a gindinta. Na uku wancan dogon ya shigo da garwa wayam, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar jikokina, ya fita."

Haruna ya juya. Adamu ya ɗaga hannu. "Patoro, sawu ka ce. Ba ka ce ruwa ba."

"Sa'an nan," in ji Ya Kellu, "garwata an kai ta gidan mahauci, ni an kawo mini tasa. Ka sunsuna hannuna."

Haruna bai sunsuna ba, amma ya yi alkawarin za a duba maganar a reniyon gobe. Da ta tafi ya zauna ya yi nazari. Sawu ya ninka uku, wannan ci gaba ne, ba mai musu. Matsalar ɗaya ce: Sha'ibu da Adamu baƙi ne, ba su san garewani ba. Ta yaya ma za a ce a ƙarni na ashirin ana gane kayan aiki da tsumma da toshin sabulu? Ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a kan gwangwanayen fenti. Nan take ya ji tausayin nasaran da suka koma ƙasarsu ba su san wanda suka bari a bakin ƙofa ba.

Ran Asabar aka yi shelar rabon dawar taimako a can ɗaya gefen gari. Tun da sassafe unguwa ta kwashe, maza da mata, kowa da buhunsa, har Baba Kyari ya rataya makulli a wuya ya bi su. Sa'adatu ta tsaya a ƙofa tana gyara lulluɓi.

"Malam, ba ka zuwa?"

"Darakta ba ya bin layi."

"Amma yana cin tuwo," in ji ta, ta wuce.

Da lungu ya yi tsit, Haruna ya busa usur. Da farko garewani goma sha huɗu na sosiyete ya yi niyya. Amma da ya hango yadda za su tsaya tsaf a tsakanin tsofaffin gwangwanayen mutane, sai ya ga rashin adalci ne a bar sauran cikin duhu. Fenti kuma akwai. Ya ce a kwaso duka arba'in da ɗaya.

Sha'ibu ya ɗaga hannu. "Patoro, a garinmu ba a taɓa tulun wani a bakin rijiya."

"Shi ya sa garinku yake garinku."

Aka zube duwatsu wuri ɗaya. Aka kwance ƙyallaye da igiyoyi da layu aka tara aka cinna musu wuta. Haruna ya buɗe jan kaye ya jera sunayen masu garewani bisa haruffa, kamar yadda ake yi a biro, ya ba kowa lamba. Ma'aikata na shafa shuɗi, rana na busarwa, shi yana bi da fari yana rubuta lambobi.

Da aka zo kan Mai Sawun Raƙumi ya ɗaga ta ya juya. Ya tuna abin da Sa'adatu ta ce. Ya kuma tuna cewa mace in ta ce kada a taɓa mata kaya, ɓarna take tsoro, ba gyara ba. Garwar gidan darakta ce za ta tsaya cikin jama'a da ƙugu a lotse? Ya saɓa ta ya nufi kasuwa, wajen wani Bakano mai ƙera fitilu da mazurari.

Bakanon ya shafa lotsawar da yatsa. "Malam, wannan ta girme ni. Ka tabbata mai ita ta ce a gyara?"

"Mai ita a gidana take."

"Ba abin da na tambaya ba ke nan."

"Ka buga, aboki. Ina da aiki."

Bakano ya buga. Ya sa itace ta ciki, ya bi da guduma ta waje, har garwa ta miƙe sumul kamar ranar da aka ƙera ta. Ya ce ƙarfen ya yi siriri, a riƙa lallaɓa ta. Haruna bai ji ba, ya riga ya yi gaba. Wannan ita kaɗai ya shafa wa fenti sau biyu, da hannunsa.

Kafin la'asar an mai da garewani layi, daga lamba ɗaya zuwa arba'in da ɗaya, shuɗaye, a miƙe kamar sojan fareti. Haruna ya ajiye kaye a kan katanga, ya shiga ya wanke hannu, ya sa babbar riga.

Mutane suka dawo a gajiye, kowa da ɗan abin da ya samu na jar dawa a gindin buhu. Waɗanda ke gaba suka tsaya cak. Na baya suka yi karo da su. Baba Kyari ya ratso, ya dubi layi daga farko zuwa ƙarshe.

"Garewanin wa aka kawo mana?" ya ce.

Haruna ya busa usur. "Jama'a, ba sai kun yi godiya ba. Sosiyete ce ta ɗauki nauyi. Daga yau kowa na da lamba. Ba sauran rikici, ba sauran..."

"Ina tawa?" in ji Ya Kellu.

"Yanzu za a duba miki a kaye, Ya Kellu. Minti ɗaya."

Ya juya wajen katanga. Sashen sufuri na tsaye a wurin, ido a lumshe, yana tauna a hankali kamar mai tunanin gida. A ƙasa ga jan bango, an lashe shi tas.

"Adamu! Wa ke da jaki yanzu?"

"Da yamma ni ne, Patoro. Amma ba a busa usur ɗin yamma ba."

"Sha'ibu!"

"Ni na safe ne."

Haruna ya ɗauki bangon ya buɗe, ya rufe. "Ba komai," ya ce wa jama'a. "Duk yana kaina. Ya Kellu, ke lamba... K ce, ko? Sha bakwai. Ko sha tara."

Ya Kellu ba ta saurare shi ba. Ta bi layi da sandarta tana ƙwanƙwasa garewani ɗaya bayan ɗaya, kunne a karkace. A ta goma sha biyu ta tsaya, ta sake bugawa. "Ga ta. Tun auren fari take wannan kukan."

Baba Kyari ya saurara, ya gyaɗa kai. "Ita ce. Gurbi na biyu."

Sai layi ya rikice. Mata arba'in suka durƙusa kan garewani suna juyawa, suna lalube, suna leƙe. Matar liman ta kankare gindi da farce har sabulu ya fito. Matar mahauci ba ta ko duba ba, ta bi hanci. Wata ta gane tata da wayar mariƙi da mijinta ya murɗa da hagu. Wata ta ce tata in an ajiye sai ta karkata gabas, aka ajiye, ta karkata. Kowace ta kawo, Baba Kyari ya duba, maƙwabta su shaida, a mai da ita gurbinta. Fentin bai gama bushewa ba. Kafin a jima hannuwa sun yi shuɗi, zannuwa sun yi shuɗi, har da goshin matar liman.

Haruna na zagayawa yana cewa, "A bi lamba, jama'a, a bi lamba," har wata ta miƙa masa jaririnta ya riƙe mata, don dai ya yi amfani.

A ƙarshe garwa ɗaya ta rage a tsakiyar fili, ta fi kowace sheƙi. Gurbi na uku kuma babu kowa. Sa'adatu ta ajiye buhunta, ta je ta ɗaga garwar. Ta shafa wannan gefe. Ta shafa wancan. Ta juya ta dubi mijinta.

"Na gyara miki ita," in ji Haruna. "Sau biyu na shafa."

Sa'adatu ta wuce shi. Ta ɗauka ta kai gaban Baba Kyari. "Baba, ita ce ta rage. Tawa ce."

"Na yarda taki ce, ƴata."

"To a sa ta a gurbinta."

"Gurbi na uku na Mai Sawun Raƙumi ne. Wannan ban san ta ba." Ya ɗaga murya. "Akwai wanda ya san garwar nan?"

Mata suka dubi juna. Suna son Sa'adatu, amma in aka fara shaida garwa don ana son mai ita, gobe kowa zai zo da sabuwa da ƙawaye biyu. Ba wadda ta shaida ta.

"To, baya," in ji Baba Kyari.

Baya kuwa gurbi na arba'in da ɗaya ne, inda tun farkon farin nan ruwa bai taɓa kaiwa ba.

"Tsaya!" in ji Haruna. Ya mai da jariri. "Lotsawa ce kawai? Wannan ai ƙaramin aiki ne. A ba ni taɓarya."

"Malam," in ji Sa'adatu.

"Na san daidai inda take. Shekara nawa ina ganin ta?"

Aka miƙo taɓarya, domin unguwa na son ta ga ƙarshen abin. Ya kwantar da garwa, ya naɗe hannun babbar riga, ya auna, ya ce jama'a su ja baya. Bugu ɗaya ya yi. Taɓarya ta shige ta wannan gefe, haɗin garwa ya tsage daga baki har gindi, ta buɗe kamar littafi.

"Raƙumin ma sau ɗaya ya taka," in ji Ya Kellu, "amma shi ya san aikinsa."

A nan ne pampo ya yi tari.

Kwana huɗu ke nan rabonsa. Ya yi na biyu, ya yi na uku, Baba Kyari ya sa makulli, matar liman ta tara. Kowa ya ji ƙarar ruwa a gindin garwa, ƙarar na hawa. Bayanta Ya Kellu. Bayan Ya Kellu, mai gurbi na huɗu ta riga ta sa hannu a mariƙi tana kallon ƙasa.

A gidan Sa'adatu abin da ke randa bai kai moɗa uku ba, ga yara huɗu, ga dawa da ke son wanki. Ta shiga gida ta fito da bokitin wanka. Ta tsaya gaban tsoho.

"Baba, maimaita mini dokar."

"Gurbi na abin da unguwa ta sani ne."

"Garwa kawai?"

Baba Kyari ya ja carbinsa. Garwar liman ta cika, ta Ya Kellu ta shiga. "Wata tsohuwa, uwar Barira, ta taɓa riƙe gurbi da turmi shekara biyu," ya ce. "An san turmin. Amma bokitin nan ba a san shi ba."

"Ba bokitin ba. A gidana akwai abin da babu wanda bai sani ba a unguwar nan." Ta juya. "Malam, zo."

"Ina nazarin yadda za a ɗinke..."

"Zo ka zauna nan."

Wataƙila muryarta ce, wataƙila taɓaryar da ke yanzu a hannunta. Haruna ya zo. Ta nuna masa gurbi na uku, da'irar da gindin garwa ya bari a ƙasa shekara talatin. Ya zauna a ciki da babbar rigarsa. Ta ɗora masa bokiti a cinya.

Baba Kyari ya ɗaga murya. "Akwai wanda ya san wannan?"

"Mun san shi!" in ji unguwa baki ɗaya, har da maza daga baya, har da Sha'ibu da Adamu, waɗanda suka ɗaga hannu.

"Na gidan wa ne?"

"Na Sa'adatu!"

"Gurbi na uku," in ji Baba Kyari. "A matso da shi."

Aka cika bokiti. Sa'adatu ta kai gida, ta dawo ta same shi yana kakkaɓe riga zai tashi.

"Ina zuwa?" in ji Baba Kyari.

"Biro. An gama, ai."

"Abin da ke riƙe gurbi ba ya tashi. In ya tashi, gurbi ya tashi. Salla dai an yarda, da abin da ya zama dole."

"Har yaushe?"

"Ku sayo sabuwar garwa ka riƙa rungume ta. In unguwa ta saba ganin ta, sai ka bar ta ita kaɗai."

"Kwana nawa ke nan?"

"Ta surukarka sai da raƙumi ya taka ta."

Haruna ya ce zai bar hularsa a madadinsa, haka manya ke yi a biro in sun fita. Ya Kellu ta ce hula irin tasa akwai goma a masallaci, kai irin nasa ne babu.

Sosiyete ba ta sake yin reniyo ba. Sha'ibu da Adamu, waɗanda a ranar suka haddace garewanin unguwa da labarin kowace, suka ci gaba da kai wa tsofaffi ruwa a cike, su da jaki, ba wanda ke ƙarƙashin wani. Baƙin allo ya zama murfin akurkin kaji. Mako guda ana gane matan unguwar a kasuwa da shuɗin tafin hannu.

Tun daga washegari, duk wanda ya bi ta lungun pampo zai ga garewani arba'in shuɗaye a jere, da mutum ɗaya a gurbi na uku, tsakanin ta Ya Kellu da ta huɗu, da laima a kafaɗa da sabuwar garwa a cinya. In baƙo ya tsaya yana kallo, Haruna kan gyara zama ya yi masa bayani.

"Bincike muke yi a fili. Darakta na gaskiya ba ya zama a biro. Nan da wata uku..."

Ran nan yana cikin wannan bayani wata guguwa ta taso daga gabas, irin wadda ke sa mutane ɗaga kai su duba sama su sauke. Mata suka fito suna duba duwatsun garewaninsu. Sa'adatu ta fito da kwanon fura ta ajiye masa. Sa'an nan ta je wajen tarin duwatsu, ta zaɓo nata, wanda uwarta ta bari, ta kawo ta ɗora masa a cinya.

"Na mene ne wannan kuma?" in ji Haruna.

"Kada iska ta ɗauke ka," in ji ta. "Ba ni da wani."